Sunan da Ya Fi Mai Shi Nauyi

A majalisun samarin Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi da Tarauni, ba safai ake kiran ɗan dambe da sunansa na yanka ba. Sai dai Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane. Waya tana yawo hannu zuwa hannu, ana kallon wasan da aka yi a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, musun kuma bai cika tsayawa kan naushi ba. Hali ake tattaunawa: wane yana da zuciya, wane kuwa tsoro ya kama shi tun kafin ya gama ɗaura zare.

Abin lura shi ne, wannan mutum da ake musu a kansa ba ɗan damben ne kaɗai ya gina shi ba. Laƙabinsa na ubangidansa ne, domin shago yana ɗauke da sunan wanda ya raine shi. Ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, shi ya zaɓa masa abokan gaba tun bai san su ba. Sauran aikin na makaɗi ne. Da yawa daga masu ambaton Shago a yau ba su taɓa ganin damben sa ba. Wanda suka sani shi ne Shagon da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya sassaƙa da murya da kalangu, wanda mutuwa da kabari ba sa nisa da sunansa. Muhammad Ali, da ya ajiye sunan Cassius Clay a 1964, shi ne marokin kansa: ya yi wa kansa kirari, ya tsokani George Foreman kafin karawarsu a Kinshasa a 1974. Bahaushen ɗan dambe ya taso cikin al'ummar da ke ɗaukar yabon kai jahilci, saboda haka aka raba aikin. Makaɗi ya zuga, shi kuma ya tsuma, ya fito fili ya amsa.

Wannan tsuma ba wasan kwaikwayo ba ce kurum. Mutum mai hankali ba ya son a kai masa duka a ka, kuma jiki yana da hanyoyinsa na cewa a gudu. Take da kirari da layu da gurayen da ke damtse duk suna aiki guda: su rufe bakin wannan murya na tsawon turmi uku. Ko mutum ya yarda da asiri ko bai yarda ba, wanda ya gaskata cewa an tsare shi yana shiga fage da kafaɗa daban, abokin karawarsa kuma yana karanta kafaɗar.

Matsalar tana zuwa ne bayan an tashi. Yaron da ke durƙusawa ya gaida mahaifiyarsa da safe, mai yiwuwa mai kunya ne ƙwarai, shi ne aka sanar wa duniya cewa ba ya ja da baya. Idan aka sa masa zare alhali kansa bai daina sarawa daga dukan makon jiya ba, ƙin amsawa ba nasa ba ne shi kaɗai; ya zubar da ubangida da ɓangare da makaɗin da ya ci kuɗi da sunansa. Kalmar da aka zaɓa wa faɗuwa ma ba ta sassauta ba: kisa. A da, wanda aka kashe a wani ƙauye lokacin kaka yana iya komawa gida labarin ya dushe. Yanzu faɗuwar tana nan a Facebook da YouTube, ana maimaita ta a hankali, da dariya a ƙarƙashi.

Tyson Fury ya fito ya faɗi irin baƙin cikin da ya danne shi bayan ya doke Wladimir Klitschko a 2015, kuma masoyansa suka ƙara riƙe shi. Zai yi wuya a ji irin wannan magana daga bakin wanda abincinsa ya rataya a kan cewa zuciyarsa dutse ce. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, tafiyar ƙafa daga Gyadi-Gyadi, da likitocin ƙwaƙwalwa a ciki. Wanda zai je can dole ya fara cire laƙabin a bakin ƙofa, ya ba ma'aikacin kati sunan da mahaifinsa ya raɗa masa.