81 da 81: daren da belot ta kusa raba fadarmu



Mu a fadarmu ta Bukoki, nan birnin Yamai, ba mu buga belot don kuɗi. Waɗanda aka cinye su ke sayen ganyen shayi da sukari na gobe, shi ke nan. Amma ranar Asabar, bayan mun taso daga aikin rediyo, karta ta kusa raba abotar shekara goma.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum huɗu ne, biyu-biyu, da karta 32. Maki 152 ke cikin kartar, sai 10 na masu cin zagayen ƙarshe, 162 ke nan. Waɗanda suka ɗauki atu sai sun kai 82, in ba haka ba sun faɗi, makin duka na abokan karawarsu ne.

To, in aka tashi 81 da 81 fa?

Abin da ya same mu ke nan. Wasan na maki 1000 ne, muna da 930, su 850, kuma mu muka ɗauka. Muka ce a rubuta wa kowa 81 nashi, mun kai 1011, mun ci. Suka ce ina! Ba ku kai 82 ba, kun faɗi, 162 namu ne, mun kai 1012. Wani tsohon ɗan lakkol ya ce a rubutacciyar doka ta Faransa wannan litij ne: su rubuta 81 nasu, namu a ajiye wa wanda ya ci rabon gaba. Doka uku, sakamako uku. Murya ta hau, har wani ya kira abokinshi ɓarawo.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A Japan suna da wasan majong na mutum huɗu da ƴaƴan wasa 136. In mutum biyu suka ci da ɗa guda da wani ya yar, wasu wurare ana biyan su duka, wasu kuma sai wanda ya fi kusa da mai yarwar a jerin juyi. Shi ya sa suke daidaitawa tun kafin a fara.

Nan ne laifinmu. Shekara goma muna wasa, ba mu taɓa zama kan wannan ba. Bayan an ƙirga maki kuwa, kowa dokar da ta ba shi nasara ita ce gaskiya wurinshi. Da mu ke da 850, wallahi da maganarsu za mu yi.

Dattijo mai gadin gidan da ke kusa ya ce, “Ƴaƴana, ba a shata iyakar gona ranar girbi.” Muka soke wasan, aka ba juna haƙuri, shayin gobe kowa ya sa hannu. A shafin farko na littafin maki muka rubuta: 81 da 81, litij.

Ku a fadarku yaya kuke yi? Ku yanke tun kafin a raba karta.