Ƙadangaren Bakin Tulu

Mai karatu, a wannan watan ka yi mani afuwa, ba sharhin fim na kawo maka ba. Zancen tangaran ne da tukwane. Amma kada ka yi saurin buɗe shafi na gaba, domin komai daren daɗewa za mu ɓulla lokeshin.

A cikin 2007, ina ɗan shekara goma, ranar ƙaramar sallah, na fasa wa mahaifiyata farantin tangaran. Ka dai san yadda iyayenmu mata suke ji da jerensu. Farantin nan tun na kayan aurenta ne, fari sol, da zanen jajayen furanni a gefe, ba ya fita daga kabet sai an yi baƙon kunya. Rawar kai ta sa na ɗauko shi don in zuba wa abokaina cincin. Kafin in kai zaure ya suɓuce, ya yi ratsa-ratsa. Ba banza Bahaushe ya raɗa masa suna faɗi-ka-mutu ba. Jikina na ɓari na zaro sabuwar 'yar Murtala ta leda da aka ba ni barka da sallah, na miƙa mata. Ta dube ni, ta dubi kuɗin, ta ce, "Kai ɗan nan, mayar da kuɗinka aljihu. Wannan daga Sin aka kawo shi, ba irin aikinmu ba ne."

Daga ni har ita ba wanda ya juya bayan takardar. Da mun juya, da mun ga hoton wata mata tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali.

Sai a 2022 na san ko wace ce ita, lokacin da aka yi wani baje kolin kayan yumɓu na mata baƙar fata a wani gida mai suna Two Temple Place da ke bakin kogin Temis a Landan. Ban je ba, ina ni ina Landan? Hotunan na gani a waya, daga nan na shiga neman sauran ayyukanta. Manyan randuna ne masu ƙyalli, an tsaga jikinsu gida-gida, kowane gida da abin da ke cikinsa: nan ƙadangare, can kunama, ga kifi, ga kada, ga hawainiya. Wato dabbobin da muke jifa da dutse tun muna yara, su ne Turawa suke tsayawa kallo.

An haifi Ladi wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Da hannu take ɗora yumɓu bisa yumɓu, tana zagaya tukunyar har ta tashi. Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a fadarsa, a can ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya buɗe cibiyar koyar da wannan sana'a a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga.

To, ga inda zancen ya haɗu da farantin mahaifiyata. Sirrin tangaran shi ne farar ƙasa da wuta mai tsanani, wadda ta haura digiri 1,200. A cibiyar nan Ladi ta sami irin wannan wutar. Randunanta ba tangaran ba ne zalla, amma idan ta tsaga zanenta akan cike tsagar da kwaɓin farar ƙasa, a shafe jikin da ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu. Sai ƙadangaren ya fito fes daga ƙarƙashin ƙyallin. Ta karɓi wutar Bature, ta karɓi tanderunsa, amma ba ta ari furen kowa ba. Abin da ta taso tana gani a bayan ɗakinsu shi ta zana. Da shi aka baje kayanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, da shi Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi boko ba. Ta rasu a Minna a 1984.

Yanzu sai ka biyo ni lokeshin. Sau nawa ka ga falon Alhaji a fim ɗinmu babu kabet cike da tangaran da furen roba a kan tebur? Sau nawa aka kai jarumi da jaruma lambun otal suna zagaya fulawar da ko sunanta ba su sani ba? Kyamara aro ce, ba mai musu, kamar yadda tanderun Ladi aro ne. Amma me ya hana ta ɗauko mana kuka da rani, ko hazon hunturu a kan ganuwa, ko balbela a bayan shanu? Na taɓa tambayar wani darakta haka, ya ce, "Malam, wa zai sayi ƙauyanci?" Na so in ba shi amsa, sai na tuna ni ma na shekara goma sha biyar ina kashe hoton Ladi a wajen mai rake ban taɓa tambayar sunanta ba. Na ja bakina na yi shiru.

Sai dai kada in yi maka rufa-rufa, nasarar nan tana da nata ciwon. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo. Da aka shafe ta Ladi da ƙyalli aka gasa, sai ta toshe, ta yi nauyi, ta yi tsada. Ta yi kyau, amma ta daina aikin randa, ta bar tsakar gida ta koma ɗakin kallo. Ƙadangaren bakin tulu ke nan: a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Mu masu sharhi kullum muna kukan a yi fim mai inganci wanda za a nuna a waje. Idan an yi shi, shin matan da suke kallo a tsakar gida, waɗanda su ne suka riƙe sana'ar nan tun zamanin kaset, za su ga kansu a ciki? Ni dai fim ɗin da nake jira shi ne mai ƙyallin da kuma sanyin ruwan gaba ɗaya.

Kwanan baya na nuna wa mahaifiyata hoton randar a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah! Wannan ai ƙadangaren bayan ɗakina ne." Na ce mata aikinmu ne, na nan gida. Ba ta ce komai ba, ta dai riƙe wayar ba ta ba ni ba.

Mai karatu, idan 'yar Murtala ta faɗo hannunka, ko da ba ta sayen komai yanzu, ka daure ka juya bayanta. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.