Wi-Fi ɗin da ya ci min asusun Facebook

Jama'a, bari in ba ku labarin gangancin da na yi da hannuna, ko wani zai tsira.

Lokacin jarrabawa ne, ina laburare, data ta ƙare min. Na duba Wi-Fi sai ga wani mai ɗauke da sunan makarantarmu, babu alamar kwaɗo a jikinsa. Ina shiga wani shafi ya buɗo har da tambarin makaranta, wai in saka imel da kalmar sirri. Na saka. Intanet ɗin bai ma yi aiki ba, na yi tsaki na mayar da wayar aljihu.

Bayan kwana biyu Yaya ta kira ni: "Kai lafiya? Wane asibiti kake da kake neman dubu 20?" Ashe an shiga Facebook ɗina ana bin mutane da saƙo. Kalmar sirrin imel ɗina ita ce ta Facebook, wallahi tun ina sakandare ban canza ta ba. Wata abokiyar karatuna har ta tura kuɗin, kuma wannan ne ya fi min ciwo.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne sunan Wi-Fi ba shaida ba ne. Kowa zai iya kunna hotspot ya raɗa masa sunan da ya ga dama, ya haɗa shafin bogi. Mutumin bai fasa komai ba. Facebook da manhajojin banki suna rufe abin da ke wucewa tsakaninsu da wayarka, shi ya sa ɓarawon ya fi son ka rubuta masa da kanka.

Yanzu kafin in hau kowane Wi-Fi a makaranta sai na tambayi ofishin ICT ainihin sunansa. In makarantarku tana da eduroam, shi ba ya buɗo shafi a burauza. A setin waya ake saka sunan mai amfani da kalmar sirri. Duk "eduroam" ɗin da ya buɗo maka shafi, fita kawai.

Na kashe haɗuwa kai tsaye da Wi-Fi marasa kwaɗo, na goge tsofaffin da wayar ta riƙe. Kowane asusu da kalmar sirrinsa, na kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel, Facebook da WhatsApp.

Asusun ya dawo hannuna bayan mako ɗaya. Kuɗin baiwar Allahn nan kuwa, ni na biya ta a hankali daga kuɗin abincina.