Zoben Robar da Ya Tsayar da Motar Mahaifina

Hausawa kan ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan karin magana ya dace da cikin giyar mota otomatik. A irin wannan mota direba ba ya taka kuloci, amma hakan ba ya nufin babu kulocin. Yana cikin akwatin giya, faifai-faifai a jere. Famfo ne ke tura jan man giya da ƙarfi, man ya ture fistin, fistin ya matse faifan, sai giya ta shiga. Abin da ke hana man zurarewa ta gefen fistin shi ne wani siririn zoben roba da makanikai ke kira sil.

Mahaifina yana haya da tsohuwar Toyota Camry a Legas, kuma da ita ake biya mini kuɗin makaranta. A hutun bara motar ta fara gardama. Da safe idan aka sa ta giya sai ta yi jinkiri kafin ta motsa, in ta yi zafi kuma ta ɗan gyaru. Daga baya sai injin ya riƙa kuka amma gudu ba ya ƙaruwa. Man giyar ya yi duhu, yana ƙauri. Mutane suka ce a je kasuwar Ladipo a sayo giya tokumbo, mu kuwa ba mu da kuɗinta.

Wani dattijon makaniki Bakano a Agege shi ya ce a buɗe a gani tukuna. Da yake ina jin Hausa, ya bar ni na tsaya ina miƙo masa kayan aiki. Ya sauke giyar, ya danne sifirin, ya zare zoben ƙarfen da ke riƙe da su, sannan ya hura iska fistin ya fito. Ya miƙo mini tsohon sil ya ce, "Yarona, lanƙwasa shi." Ina lanƙwasawa ya karye kamar busasshen kara. Na ce, "Baba, me ya jawo haka?" Ya ce zafi ne da tsufa, da rashin canza mai.

Wajen sa sabon na ga haƙuri. Ya shafa masa man giya, ya ce ba a sa giris domin ba ya narkewa a cikin man, yana iya toshe hanya. Ya tabbatar leɓen sil ɗin yana fuskantar inda mai ke shigowa, don in aka juya shi aikin banza ne. Sababbin faifan kuloci kuwa sai da ya jiƙa su cikin mai kusan rabin awa. Kafin ya haɗa komai ya sake hura iska, muka ji fistin ya buga "ɗum" ba tare da iska ta tsiyaya ba. Kwana uku aikin ya ci, motar ta koma hanya.

Don haka ya kai mai karatu, in akwai irin wannan mota a gidanku, a riƙa duba launin man giya da warinsa, a canza shi a kan lokaci. In ta fara jinkirin safe, a kai ta wurin gwani tun faifan ba su ƙone ba. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya tsare mu a kan hanya, amin.