Atamfar Landan da Marafan Kwalba

A hutun makaranta na watan Disamba 2023 Allah Ya nufe mu da zuwa Landan, mu da uwargida, don ziyarar ƙanenmu da ke aiki can. Ba labarin sanyi za mu ba ku ba, labarin wani yammaci ne guda wanda har yau bai bar zuciyarmu ta huta ba.

Bayan sallar azahar 'yar ƙanen namu ta kai mu kasuwar Petticoat Lane a gabashin birnin, inda kantunan atamfa da leshi suke jere. Uwargida ta zo da dogon saƙo daga matan Zangon Kumasi, kowacce tana son a ce zanenta daga Ingila ya fito. Muka yi ta ɗaga turmi muna ajiyewa, muna mai da fam zuwa sidi a zuci. Daga ƙarshe ta zaɓi turmi uku na 'yar Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond. Irinta tana nan jibge a kasuwar Kejetia, amma ba mu ce uffan ba, don zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Da muka fito sai yarinyar ta ce, "Baffa, mu je ku ga aikin wani mutumin ƙasarku." Muka haye kogin Tems ta gadar ƙafa zuwa Tate Modern, tsohuwar tashar wutar lantarki da aka mayar gidan nuna fasaha a 2000. Shiga kyauta ne.

A cikin katafaren zauren muka ga wasu manyan mayafai rataye tun daga rufi, wani ja, wani baƙi, suna ƙyalli kamar kilishin sarki. Sai da muka matsa kusa muka gane ba zare ba ne. Marafan kwalba ne dubbai, an fyaɗa su an ɗinke da wayar tagulla. Da uwargida ta ji cewa na kwalaben giya ne, ta ja da baya tana a'uziyya, amma ba ta daina kallo ba. Mai aikin, El Anatsui, ya zaɓe su ne da gangan, domin giya na cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekunmu suna musaya da bayi. An haife shi a Anyako ta jihar Volta a 1944, ya yi karatun fasaha a nan Kumasi, sannan ya koyar a jami'ar Nsukka ta Nijeriya tun daga 1975. Ashe malamin makaranta ne kamarmu.

Nan ne jikinmu ya yi sanyi. Muna riƙe da jakar atamfar da Bature ya buga mana, Turawa kuma sun ɗaga kai suna kallon abin da namu ya ɗinka da shara. Sai muka tuna wani yaro da muka koyar a aji biyar shekarun baya. Mun kama shi yana haɗa mota da gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur, har da ƙofa mai buɗewa. Muka yi masa bulala shida, muka taka motar a gaban 'yan ajin, muka ce ba za a yi bola a ajinmu ba. Bai ƙarasa makaranta ba. Yanzu yaron mota ne a tasha, kuma duk sanda ya gan mu sai ya durƙusa ya gaishe mu, ya hana mu biyan kuɗi.

Ba mu ce da ya zama El Anatsui ba, wannan sanin Allah ne. Amma a kwalejin horon malamai an koya mana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa karya shi muka yi. Kakanninmu sun shigo ƙasar nan da fataucin goro, da jima da dukanci da ɗinkin aska takwas. Yau yara nawa ne a zango ke iya riƙe allura?

Don haka muna roƙon 'yan'uwanmu malamai da iyaye, in kun ga yaro yana ƙere-ƙere, ku tambaye shi abin da yake yi kafin ku ɗauko bulala. Mu dai mun je tasha mun nemi gafararsa. Dariya ya yi, ya ce, "Malam, ai ya wuce." A wurinmu bai wuce ba. Allah Ya yafe mana baki ɗaya, amin.