Sharaɗin da Yaya bai karanta ba

Jama'a, ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun ga. Jiya na bi ta gaban tsohon shagon yayana a nan Dundaye, na tarar yanzu ana gyaran babur a ciki. Abin ya tsaya min a rai har dare.

Yaya dila ne na wani kamfanin lemo. Su suka ba shi firij, suka kafa allo mai sunansu, suna sauke mai kaya bashi, sharaɗin kada ya sayar da na kowa sai nasu. Kasuwarshi duka ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne. Sai ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas! Ɗalibai suka watse, jari ya karye, masu bashi suka fara sallama.

Abin da ya fi ciwo, a lokacin kamfanin bai bin shi ko sisi, don su yake fara biya kafin kowa. Amma cikin takardar da ya sa wa hannu akwai sharaɗin cewa da zarar ya kasa biyan basussukanshi, ko na wane ne, suna da ikon soke yarjejeniya. Suka zo da mota suka kwashe firij da allo, ana saura 'yan makonni a koma karatu. Na ce, "Yaya, ba ka karanta ba?" Ya ce, "Ƙane, mai neman abinci ina ya ga ta karatu?"

Daga baya na bincika. A Amurka, tun dokar karayar arziki ta 1978, idan ɗan kasuwa ya kai kanshi kotu neman kariya, galibi irin wanga sharaɗi bai aiki: ba a soke yarjejeniya don kawai ya karye. Idan yana son ci gaba da ita, sai ya cike abin da ake bin shi a kanta. Ingila ma ta yi doka a 2020, lokacin korona, ta hana masu ba kamfani kaya yanke shi don kawai ya shiga matakin karaya. Hikimar a fili take: in ka ƙwace abin da mutum ke neman kuɗi da shi, da me zai biya sauran?

Mu ma dokar kamfanoni ta CAMA da Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020 ta kawo tsarin ceto kamfani, a naɗa mai kula da shi, a dakatar da masu bashi na ɗan lokaci. To amma wannan na kamfani ne mai cikakkiyar rajista. Yaya sunan kasuwanci kawai gare shi, shi da shagon abu guda ne a idon doka.

Ban ce kamfani bai da hakkin kare dukiyarshi ba. Amma addininmu ya koyar da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Don Allah, duk mai shirin karɓar dilanci, na lemo ne, na siminti ko na POS, ya kai takardar wajen lauya ya duba mishi sharaɗin sokewa. Ka nemi a rubuta wa'adin gargaɗi, ko na kwana 60 ne, kafin a taɓa maka kaya.

Yaya yanzu yana noman albasa a fadama, Alhamdulillahi. Allah Ya rufa mana asiri, Ya biya wa kowa bashinshi.