Tsiro Mai Ɗoyi A Kurmin Abuja

Tun kafin a keɓe yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, Gwarawa sun san ƙasar nan da yawan ruwa da kurmi cikin kwazazzabai, musamman wajen Gwagwa. Irin wannan wuri mai danshi, inda itace ke ruɓewa, shi wata irin laimar kwaɗi ke so da damina.

Da farko kamar ƙwai take a ƙasa. Daga baya sai ƙwan ya fashe, cikin 'yan sa'o'i sanda ta miƙe da wani abu mai yauƙi a kanta, tana ɗoyin mushe. Mai wucewa ya toshe hanci, ƙudaje kuwa biki ya samu. Su yi dafifi su lashe yauƙin tas, su kwashi irinta a ciki da ƙafafu, su kai wani wuri. Yawancin danginta iska ke watsa musu iri. Ita kam ƙuda ta ɗauka ƙodago.

Yarbawa na kiranta akufodewa, don takan sa maharbi neman mushen da babu.

To, tun da gwamnati ta taso daga Ikko a 1991 gine-gine ke cin kurmin, ita kuwa ba ta tsira kan siminti.